Kalazar Ta Kwantar da Sojan Laima

Abin da zan fara faɗa wa duk mai jinya a garuruwanmu na bakin kogi shi ne wannan: idan zazzaɓi ya daɗe a jikin mutum, ga shi yana cin abinci amma kullum ƙarewa yake yi, kuma aka taɓa cikinsa ta hagu aka ji tauri a ƙarƙashin haƙarƙari, kada a tsaya ƙona shi da ƙarfe. A ɗauke shi a kai asibiti. Mu mun tsaya, kuma saura kaɗan mu rasa ƙanena Sa'adu. Shi ya sa nake ba da labarin yanzu, da tsufa ya zo mini, waɗanda suka ga abin da idonsu kuma sun ragu.

Ni na raini Sa'adu. Innarmu ta rasu yana rarrafe, ni kuwa lokacin na isa ɗaukar tulu, sai goyonsa ya dawo bayana. Da aka yi mini aure ma da shi na tare. Ƙauyenmu yana kudu da Sinnar, a gaɓar kogi. Kakanninmu daga ƙasar Sakkwato suka taso za su Makka, suka yada zango a nan, zangon ya zama gari. Noma muka sani da kamun kifi, sai masu zuwa tsinkar auduga idan lokacinta ya yi. Aikin soja ba namu ba ne. Da Sa'adu ya shiga, sai da aka yi wata guda ana zancen a bakin masallaci. Bayan shekara biyu kuma muka ji an zaɓe shi cikin waɗanda ake jefowa daga jirgin sama da laima, waɗanda ake turawa gaba idan wuri ya yi tsanani. Lokacin ana cikin yaƙin kudu, ba a kai ga sulhu ba.

Ya zo hutu ana yankan riɗi. Ranar da ya sauka daga lori yaran gari suka biyo shi har ƙofar gida suna kallon jar hularsa. Na ga ya ɗan faɗa, na ce wahalar daji ce. Na dama masa fura, na yanka masa kaza, ya cinye tas.

A makon farko ba wanda ya kula sai ni. Da safe zai fita ya yi gudu a bakin kogi kamar yadda ya saba a bariki, ya dawo ya yi wanka, ya bi maigidana gona. Amma da la'asar sai in same shi kwance a kan angarib, gadonmu na igiya, a ƙarƙashin rumfa, ya lulluɓa da bargo, haƙoransa na haɗuwa. Na ce, "Sa'adu, jikinka da zafi."

"Zazzaɓin sauro ne, Yaya. A kudu kowa da nasa yake yawo. Gobe zai sake ni."

Muka sayo ƙwayar zazzaɓi a kanti, ya sha. Da bai sake shi ba muka je ɗakin shan magani na ƙauyen da ke gaba da mu, aka yi masa allura, aka ce ya huta. Zazzaɓin ya yi kamar ya tafi, sai ya dawo. Abin da ya ruɗe mu shi ne cin abincinsa. Marar lafiya a wurinmu shi ne wanda ya ture akushi. Sa'adu kuwa yana ci har ya nemi ƙari, amma wuyansa na ta sirancewa, ƙasusuwan kafaɗarsa suka fito, fatarsa ta dushe ta yi duhu kamar wanda ya kwana a bakin murhu. Gudun safe ya koma tafiya, tafiyar ma ta koma zama a kan tushen itace yana kallon masunta.

Cikin mako na uku cikinsa ya fara tasowa. Kawu Mamman, ƙanen innarmu kuma babban da ya rage mana, ya zo ya sa hannu ya latsa, ya gyaɗa kai.

"Saifa ce ta kumbura. Mi za a kai asibiti a nan? Mu duka mun yi ta muna yara. A kira wanzami ya yi mishi lalas, kwana kaɗan ta koma wurinta."

Lalas shi ne a gasa ƙarfe a ɗora a kan wurin ciwo. Ban hana ba, don ni ma da tabonsa a cikina tun ina yarinya, kuma ga ni a raye. Aka kira wanzami. Maza biyu suka zo za su danne Sa'adu, ya ce su bari. Ya kama ƙafar angarib da hannu ɗaya, ya zuba wa rufin rumfa ido, aka ɗora ƙarfen sau uku bai ce uffan ba. Mutane suka fita suna cewa lallai soja ne. Ni kuwa warin ƙonuwar ya bi ni har madafa, na kasa cin abinci.

Ƙunar ba ta warke ba, ruwa ta fara yi. Aka kawo rubutu ya sha, aka kawo saiwoyi na dafa, wata maƙwabciya ta kawo nonon raƙumi da ta aika aka nemo mata daga wajen makiyaya. Ba na raina ko ɗaya, kowa da zuciya ɗaya ya kawo. Amma cikin sai ƙaruwa yake yi.

Ana haka hutunsa ya ƙare. Da safe na shigo na tarar ya sa kakinsa. Wandon ya yi masa yawa har sai da ya huda sabon rami a ɗamararsa da ƙusa. Na tsaya a bakin ƙofa na tare hanya.

"Ina za ka a haka?"

"Yaya, ki matsa don Allah. An ce ƙarshen watan nan za a mayar da mu kudu. Dole in kasance."

"Gwamnati ba ta da wani soja sai kai?"

"Tana da su."

"To me ka ajiye a can?"

Ya raɓa ta gefena ya ɗauki jakarsa, na bi shi a baya ina faɗa, har muka kai gindin tsamiyar da lori ke tsayawa. Yana ɗaga ƙafa zai taka taya, sai jini ya ɓalle masa ta hanci. Ba irin haɓon da muka sani ba, wanda ake ɗaga kai ya tsaya. Ya jiƙe gaban rigar, ya jiƙe gyalena, Sa'adu ya sulale ya zauna a ƙasa. Lorin da ya zo ɗaukarsa zuwa bariki shi ya kai mu Sinnar, ni da shi da maigidana, daga nan muka hau jirgin ƙasa zuwa babban asibiti. Maigidana ya ga mun samu wuri ya koma, saboda riɗi na tsaye a gona, kuma kuɗinsa za mu ci a jinyar. Ni na zauna da 'yar da nake shayarwa a bayana.

Wanda bai taɓa bin layin asibiti ba ya shirya haƙuri. Mun isa da yamma, ba mu ga likita ba sai washegari. Mutane zube a baranda, wasu daga Dinder, wasu daga can wajen Damazin, kowa da tabarmarsa da butarsa. Gado babu. A ƙasa aka fara shimfiɗa masa, sai da aka sallami wani tsoho sannan ya hau gado. Likitan da ya duba shi saurayi ne siriri mai tabarau. Ya ɗaga rigar, ya ga ƙunar nan uku suna ruwa, ya dube ni ya ce da Larabci, "Wa ya yi wannan?" Na sunkuyar da kai. Bai ƙara magana a kai ba. Ya sa aka soka wa Sa'adu doguwar allura aka zuƙo abin da za a auna, da sakamako ya fito ya kira ni.

"Sunan ciwon kalazar. Wani ɗan ƙaramin ƙuda ne ke kawo shi, wanda bai kai sauro girma ba, yana zama a dazuzzukan ƙaya. Yana da magani, amma kun makara ƙwarai. Jininsa ya kusa ƙarewa. Kafin allura ta yi aiki sai an ƙara masa jini."

Wannan kalma, kalazar, ban taɓa jin ta ba sai ranar, kuma ba ta sake fita daga kaina ba.

Na miƙa hannuna na ce a ɗiba. Suka ce mai shayarwa ba ta bayarwa, kuma ni ma idona fari ne. Na aika gida. Kawu Mamman ya zo da samari biyu 'yan'uwanmu, da buhun gari, da kuɗin ragonsa da ya sayar. Wannan ba zan manta masa ba har in mutu. Amma da aka zo maganar jini sai samarin suka fara kallon juna. Wani a baranda ya riga ya gaya musu cewa wanda aka ɗebi jininsa ba ya ƙara riƙe fartanya kamar da, kuma ba ya haihuwa. Na yi roƙo, ma'aikacin jinya ya yi bayani har ya gaji, suka ce za su je su yi salla su dawo. Sai da yamma na gan su, sun sayo wa Sa'adu lemo. Na karɓa na gode, na shiga bayan ɗaki na yi kukana. Ƙarya ce tsagwaronta, jama'a. Jinin da aka ɗiba yana dawowa. Na ga waɗanda suka bayar, na ga 'ya'yansu.

Kwana biyu bayan haka ina wanke kwano a bakin famfo, sai na ga sojoji uku masu jar hula suna bin baranda suna leƙa fuskokin marasa lafiya. Na gabansu baƙi ne dogo mai faɗin ƙirji, da igiya uku a hannun riga. Na tashi na ce, "Sa'adu kuke nema?"

Ya juyo da kansa gaba ɗaya, ya miƙo mini kunnen dama. Na maimaita. Sai fuskarsa ta washe.

"Ke ce Yaya!"

Ya ɗauka sunana ke nan, don haka yake jin Sa'adu na faɗa. Ban gyara masa ba, har yau haka yake kirana. Sunansa Kuku, mutumin duwatsun Nuba ne, shi ne shawish ɗinsu, wato sajan. Ya ce da Sa'adu bai dawo ranar da ya kamata ba, ofis ya so a rubuta shi cikin waɗanda suka gudu. Shi kuma ya shiga wurin hafsansu ya ce wannan yaron ba ya gudu, in bai zo ba to ko ya mutu ko ƙafarsa ta kasa ɗaukarsa, a ba shi izini ya je ya gani. Suka je har ƙauyenmu, aka kwatanta musu asibiti.

Da suka shiga ɗakin, Sa'adu ya yunƙura zai tashi zaune ya gyara riga. Kuku ya danna shi da tafin hannu ya ce, "Kwanta, ɗan Fallata. Dubi yadda ka koma kamar sandar rake da aka tsotse." Sunan nan da shi ake yi mana gori a kasuwa, mu da kakanninmu suka zo daga ƙasar Sakkwato, amma a bakin Kuku sai na ga Sa'adu yana dariya, dariyar da ban gani ba tun zuwansa hutu. Ban gama ba su labarin jini ba suka fara naɗe hannun riga. Aka auna, na Kuku da na ɗaya daga cikinsu suka dace.

Kawu Mamman ya ja ni gefe. Ya ga ƙaramin gicciye a wuyan Kuku.

"Hajara, wannan fa ba ya salla. A zuba jininsa cikin jikin ɗanmu?"

Ban san Sa'adu ya ji ba. Daga kan gado ya ce, da muryar da sai an kasa kunne, "Kawu, ku yi haƙuri. Gora ɗaya muke sha da shi a daji. Idan na tsaya salla shi ke tsaye a kaina da bindiga har in sallame."

Kawu ya ja carbinsa. Can ya ce, "To, Allah ya sa albarka." Ya fita. Da aka gama ɗibar jinin, shi da kansa ya sayo wa sojojin shayi da madara.

Daga nan aka shiga allura, kullum guda, mai zafi ƙwarai. Tana sa shi ciwon gaɓoɓi da tashin zuciya, abincin da yake ci da a gida ma ya daina sha'awa. Kunu nake dama masa a murhun da muka haɗa da sauran masu jinya a bayan katanga, in ba shi cokali-cokali. Ƙunar cikinsa ita ta fi ba mu wahala, kullum sai an wanke an sake ɗauri, kuma ma'aikatan ba su da yawa, sai na koyi yi da kaina. Akwai lokacin da maganin ya yanke aka ce sai an kawo daga babban birni, muka zauna zuru muna kallon zazzaɓi na neman dawowa. Kuku ne ya bi ta wajen sojoji aka samo. Akwai kuma wata ma'aikaciya, dattijuwa mai tsage a kumatu, da take karɓar 'yata ta goya idan ina wanke masa ciwo. Ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a.

Sauran biyun sun koma, Kuku ya ƙara kwanaki. Wata la'asar Sa'adu na barci, muna zaune a baranda ina yi masa kofi a jabana, 'yar butar ƙasa ta dafa kofi, na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina. Na koma ta damansa, don na lura ta nan yake ji.

"Shawish, ku gaya mini gaskiya. Me ake ba ku? Mutum da hankalinsa ya faɗo daga sama cikin dajin da ake jiransa da harsashi. Yaron nan jini na zuba a hancinsa yana neman hawa lori. Kuɗi ne? Ko ba ku jin tsoro ne?"

Ya yi dariya har kofin ya zube masa a yatsa.

"Kuɗin bai kai na mai shago a Sinnar ba, Yaya. Tsoro kuwa, ƙanenki duk ranar da za mu hau jirgi sai ya yi amai. Ni kuma ƙafata ke rawa, ina danne ta da hannu kada yara su gani."

"To don me?"

Ya ɗan yi tunani. "Kin ga laimar nan, a baya ake goya ta. Ba wanda ke iya ganin tasa. Idan muka jeru a cikin jirgi, kowa na bayansa ne ke duba masa igiya da ƙugiya, ya dafa kafaɗarsa ya ce tamam, wato komai daidai. Ni ban taɓa ganin bayana ba. Sa'adu ne ke gani. In ya ce tamam, sai in fita ƙofa ban waiwaya ba. To mutumin da ya yi miki haka, in kuka sauka ƙasa aka fara harbi, ina za ki je ki bar shi? Da wane ido za ki dube shi gobe? Manya suna zuwa su yi mana jawabi a kan ƙasa da tuta, muna tafawa. Amma in wuta ta buɗe, wallahi ba na tuna jawabin kowa. Ina duba wa ke nan, wa ba ya nan."

Ranar da Kuku zai tafi na ji suna gardama ƙasa-ƙasa da Sa'adu. Sa'adu na cewa sai ya rantse, Kuku na cewa shi ba yaro ba ne. Daga ƙarshe Kuku ya rantse, ya sumbaci goshin Sa'adu, ya fita da sauri ko sallama bai yi mini sosai ba. Sa'adu ya juya fuska bango, ranar ko kunu bai karɓa ba.

Washegari ina canza masa ɗauri na ce, "Rantsuwar me ka sa shi?"

Ya ce, "Yaya, kada ki gaya wa kowa. Kunnensa na hagu ya mutu. Nakiya ce ta tashi a ƙarƙashin motarmu bara. In ofis ya sani za su sallame shi, shi kuwa ba shi da kowa a duniya sai tsohuwarsa da mu. Sai muka rufe. In muna tafiya a daji ni ne a hagunsa. In na ji motsi, ko aka ba da umarni ta can, sai in taɓa gwiwar hannunsa. Yanzu za su sa wani sabo a wurina, wanda bai sani ba. Na sa shi ya rantse zai gaya masa tun ranar farko."

Sai a lokacin na gane abin da ya ajiye a can, wanda ya hana shi amsa mini a bakin ƙofa.

Na ce, "Amma tun farko me ya kai ka? Ba Kuku lokacin."

"Tun farko hular ce, ba zan ɓoye miki ba. Da kuma haushi. Kin tuna da na je neman aikin jirgin ƙasa aka ce in kawo shaidar inda aka haifi kakana? A can ba wanda ya tambayi kakana. Suka ce ga gudu, ga kaya, ga ƙofar jirgi, wanda ya iya namu ne. Cikin mutane da yawa aka ɗebi kaɗan, ina ciki. Wannan ya yi mini daɗi. Amma daɗin bai wuce wata uku ba a daji. Abin da ya rage shi ne mutanen."

"Su kuma waɗanda kuke yaƙa?"

Ya dubi rufin ɗaki. "Ban tsane su ba. Na tabbata su ma kowa da wanda yake tafiya a hagunsa." Ban matsa masa ba. Akwai abubuwan da ya gani a kudu waɗanda har yau bai faɗa wa kowa ba.

Sannu a hankali zazzaɓi ya sauka. Cikin ya fara saɓewa, likita na auna shi da yatsu yana gyaɗa kai. Ranar da Sa'adu ya ce yana marmarin kifin kogi da yaji, na fita kasuwa kamar in taka rawa. Mun shiga asibiti ana yankan riɗi, ba mu fito ba sai da sanyi ya kusa wucewa. Riɗin shekarar duk ya tafi a jinya, da tumakina biyu. Likita ya ce a dawo da shi bayan wasu watanni, domin ciwon yakan yi kwanton ɓauna ya dawo, kuma sojoji na jiran bayaninsa kafin su san ko za su mayar da shi aiki ko su sallame shi.

A gida na yi zaton jinya ta ƙare, ashe da saura. Jiki na dawowa, naman fuska ya ciko, amma mutumin ba ya nan. Zai wuni a ƙofar gida yana fuskantar hanyar lori. In aka kunna rediyo a dandali ya je ya tsaya daga nesa, in an gama labarai ya dawo ƙofar gida. Abokansa na yarinta suka gaji da jansa hira. Maigidana ya yanka masa gona, ya yi masa zancen aure, Sa'adu ya ce to, bai ko je ya ga gonar ba. Sai wata safiya na ji ƙofa, na leƙa na gan shi ya nufi bakin kogi yana ɗan sassarfa. Bai yi nisa ba ya tsaya yana haki, hannu a gwiwa. Washegari ya ƙara. Kafin damina ta faɗi yana kaiwa har mashayar shanu ya dawo da buhun yashi a kafaɗa, kuma ya fara yi wa yarana wasa.

Ana gobe za mu koma wurin likita, Kawu Mamman ya zo ya same ni a madafa. Ya zauna a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba.

"Hajara, ke kika yi wahalar yaron nan tun yana jinjiri. Mun ciro shi daga bakin kabari, sai mu miƙa shi ga harsashi? Likitan nan yana jin maganarki. Ki ce mishi zazzaɓin na dawowa da la'asar. Kalma ɗaya ce. Su sallame shi, ya yi aure, ya zauna cikinmu."

Ban ce masa a'a ba. Gaskiya ma maganar ta kwanta mini. Duk tsawon hanya a jirgin ƙasa ina juya ta, ina kallon Sa'adu yana kallon gonakin auduga ta taga.

Likita ya duba idonsa, ya latsa cikinsa, ya sa aka auna jini. Ya ce, "Yaya jikin?" Sa'adu ya ƙame ya ce, "Tamam." Likita ya yi murmushi ya ce soja ko kansa na hannunsa tamam zai ce, sannan ya ce wa Sa'adu ya fita waje ya jira. Da ƙofa ta rufe ya cire tabarau ya dube ni.

"Awo ya yi kyau. Amma ke kike tare da shi a gida. Zazzaɓi na dawowa? Ko sau ɗaya? In yana dawowa ba zan bari ya koma daji ba."

Na tuna nauyinsa a bayana yana yaro, na tuna jinin nan a gyalena. Sannan na tuna watannin da ya yi a ƙofar gida, da lafiyarsa, yana zaune kamar baƙo a garin da aka haife shi. Na ga in na faɗi kalmar nan zan samu ƙanena a gida, amma wancan na ƙofar gida zan samu, har ƙarshen rayuwarsa, kuma ni na yi masa.

Na ce, "Bai dawo ba, likita. Ko sau ɗaya. Gudu ma yake yi da buhun yashi."

Ya dube ni ɗan lokaci, ya mayar da tabarau, ya sa hannu a takarda.

Sa'adu ya koma. Ya tarar da Kuku da rai, suka ci gaba tare har aka yi sulhu. Shekarun nan ban yi barci mai daɗi ba, kuma Kawu bai sake shiga madafata ba sai ranar da yaron ya dawo gaba ɗaya da ƙafafunsa biyu. Ba duka suka dawo ba. Ɗayan da ya ba shi jini tare da Kuku yana can a kudu aka binne shi. Da Sa'adu aka binne a can, ban san yadda zan ɗauki abin da na faɗa wa likita ba, kuma ba na cewa kowace mace ta yi yadda na yi. Yanzu yana noma a wajen Dinder, da 'ya'yansa da jikoki, tabon ƙarfe uku na nan a cikinsa. Duk wanda ya ji an ce za a yi wa mai kumburin saifa lalas, shi ke fara zuwa ya ɗaga riga ya nuna, ya ce a nemi mota.

Amma ranar, da na fito daga ɗakin likita, ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na same shi tsaye a baranda ya harɗe hannu a baya. Muka fito ƙofar asibiti muna tafiya har muka kai wurin masu shayi. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaya, jiya ina bayan danga lokacin da Kawu ke miki magana."

"Ka ji, amma ba ka ce mini komai ba a jirgi?"

"Ke kika yi jinyar. Na ce duk abin da kika faɗa, ba zan ƙaryata ki a gaban likita ba."

Na tsaya na dube shi, ƙato, ya fi ni tsawo da kai guda, idonsa ya cika da ƙwalla a tsakiyar titi. Na zauna a kan bencin mai shayi.

Na ce, "To saya mini shayi, soja. Da madara. Tun safe ban sa komai a bakina ba."